Yadda Za Ka Kai Iyali Legas a Mota Daga Kaduna Cikin Ɗan Gajeren Hutu

Duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, tambayar nan sai ta dawo daga magidanta a nan Kaduna. Mutum yana da mota, yana da 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba da aka daɗe ba a sa juna a ido ba, kuɗin jirgin sama na mutum shida ya fi ƙarfin albashinsa, hutun da za a ba shi a wurin aiki kuma bai wuce mako guda ba. Tafiyar tana yiwuwa, yara ma su ga ƙasarsu da idonsu. Sai dai akwai sharaɗin da duk matakan nan suka rataya a kansa: kwanakin hanya ake fara warewa, ragowar shi ne na ziyara. Masu shan wuya su ne masu cika kwanakin da gaishe-gaishe, sannan su ce za su cinye hanyar a yini ɗaya, ƙarshenta dare ya riske su a daji da mata da yara.

Na ɗauki Legas ne domin ita aka fi tambaya. Mai zuwa Fatakwal ko Kalaba ko Yola, tsarin bai canza ba, garuruwan kwana ne kawai za su bambanta.

## 1. Ƙirga kwanakin kafin komai

Daga Kaduna zuwa Legas ta Lokoja kimanin kilomita 900 ne. Direbobin haya suna yin ta a tashi ɗaya, amma su sana'arsu ce, sun san kowane rami, kuma ba yaransu ne a baya ba. Kai ka raba ta uku: Kaduna zuwa Lokoja, Lokoja zuwa Ibadan, sannan Ibadan zuwa Legas da safe.

Ga yadda kwanakin suke faɗawa. Juma'a ka tashi ka kwana Lokoja. Asabar ka kwana Ibadan. Lahadi da hantsi ka shiga Legas, ranar da titunanta suka fi sauƙi. Litinin, Talata da Laraba na ziyara ne. Alhamis bayan Azahar ka fito ka kwana Ibadan, Juma'a Lokoja, Asabar gida, Lahadi hutawa. Kwana goma ke nan.

Tun Disambar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu, Litinin zuwa Alhamis. Idan ma'aikatarku tana kan wannan tsari, hutun kwana huɗu kacal za ka nema ka samu kwana goman nan, sai dai ka sanar da shugabanka cewa ba ka gari a Juma'o'in biyu. Mai aiki a kamfani zai buƙaci kwana shida na aiki, wanda shi ne mafi ƙarancin hutun shekara da dokar ƙwadago ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki. Wanda kwana biyar kaɗai ya samu ya tashi Asabar, ya rage kwana ɗaya daga ziyarar Legas.

Hattara: kada ka rage ranar hutawa ta ƙarshe, kuma kada ka rage kwanan hanya. Ranar Lahadin nan ita ce madogararka idan mota ta ba da matsala ko hanya ta toshe. In babu ita, jinkirin awa uku ya isa ya tura ka tuƙin dare don gudun makara a ofis ranar Litinin.

Ka sa hannu a takardar hutun da wuri, a amince a rubuce, kafin ka gaya wa yara ko ka biya kuɗin masauki. Ka kuma guji jajiberin Sallah da makon Kirsimeti in kana da zaɓi, domin a lokacin hanya cike take, kuɗin ɗaki kuma ya hau.

## 2. Tsayar da hanya ɗaya

Hanyoyi uku ake bi. Akwai ta Birnin Gwari zuwa Tegina, Mokwa, Jebba da Ilorin, wadda ta fi gajarta a taswira, amma matsalar tsaron yankin sananniya ce, ba zan ba mai iyali shawarar bin ta ba. Akwai ta Suleja, Lambata, Bida zuwa Mokwa, hanyar tireloli da tankoki, inda mota ɗaya in ta faɗi a tsakiyar titi sai a yini a wuri ɗaya. Ta uku ita ce wadda jagorar nan take kai: Kaduna, Zuba, Gwagwalada, Abaji, Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ilesha, Ife, Ibadan, Legas. Ta fi yawan manyan garuruwa, gidajen mai da asibitoci.

Kwana biyu kafin tafiya ka je tashar Mando ka nemi direban da ya dawo daga kudu a makon. Ka gaishe shi, ka tambaye shi inda ake aikin hanya, inda aka haɗe motoci a hannu ɗaya, da inda bai kamata a tsaya ba. Labarin da zai ba ka a minti goma ya fi na waya sabunta.

Hattara: Google Maps yana da amfani, ka sauke taswirar jihohin a wayarka tun daga gida saboda wuraren da babu sabis. Amma idan ya ce ga wata 'yar hanya da za ta rage maka minti ashirin ta cikin ƙauyuka, ƙyale shi. Ba ya sanin inda ake tare mutane, ba ya sanin gadar da ruwa ya cinye.

Mai tafiya a ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Oktoba, ya ƙara tambaya kan Koton Karfe. A Oktoban 2022 ambaliya ta shafe titin a wurin, matafiya suka kwana da kwanaki a kan hanya. Da hunturu kuma hazo ne abin lura da sassafe.

## 3. Kai mota wurin makanike, mako biyu kafin tashi

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, su kai mota gareji ana gobe tafiya. Gyara sabo yana da nasa laifin: a manta ba a ɗaure wani noti ba, ko kayan da aka sa ya zama jabu. Kana buƙatar kwanaki kana yawo da motar a cikin gari, har ka ɗan taka ta zuwa Zariya ka dawo, domin abin da zai bayyana ya bayyana kusa da gida.

Ka gaya wa makanikenka gaskiyar nisan, ka tsaya a kansa ya duba waɗannan a gabanka: juyen baƙin mai da tace mai, birki gaba da baya da man birki, lagireto da robobinsa da fankarsa, fanbel, batir, man giya, ƙafafun mota, fitilu duka har da na birki, waifa, da na'urar sanyaya ɗaki. Idan akwai abin saye, ka je Oriakpata ko Panteka tare da shi, ka ga kayan da idonka.

Taya ita ce ta fi cancantar kuɗinka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu daga ranar ƙera ta a matsayin wadda ta gama aiki, ko da zanenta yana nan raɗau. Yawancin tayoyin gwanjo sun wuce wannan wa'adin tun kafin su shigo ƙasar. Mota cike da mutane da kaya, kwalta ta ɗauki zafin rana, ana gudu, a nan tsohuwar taya take fashewa. In kuɗinka bai kai na huɗu ba, ka sayi sababbi biyu na kirki, ka tabbata ragowar ba su tsage ba kuma ba su kumbura ba.

Hattara: iskar taya a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a kuma auna da safe kafin taya ta yi zafi. Masu faci da yawa suna cika iska fiye da ƙima. Safayar ma a auna ta, ka gwada jak da sifanar taya da hannunka a gida, ka tabbata notocin suna kwancewa.

A but ya kasance akwai abin kashe gobara wanda wa'adinsa bai ƙare ba, alamar tsayawa mai kusurwa uku, tocila, wayar tayar da batir, galan ɗin ruwa, litar baƙin mai ɗaya, da fanbel na ajiya.

## 4. Haɗa takardu a jaka ɗaya

Lasisin tuƙi mai rai, lasisin mota, takardar shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, inshora, da takardar kwastam ta motar in daga waje aka shigo da ita. Mai gilashi mai duhu ya riƙe izinin 'yan sanda. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Wanda ya ce zai yi maka ita a ƙasa da haka, takardar banza zai ba ka. Ka duba lambar motarka a shafin NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa a intanet, ka ga ko inshorar ta shiga.

Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka kuma yi kwafi. Idan motar ba da sunanka take ba, ka karɓi rubutaccen izini daga mai ita. Duk baligi a motar ya riƙe katin shaidarsa.

## 5. Lissafin kuɗi

Mai shi ne babban kaso tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kuma farashinsa yana motsi, saboda haka da lita za ka yi lissafi. Ka fara sanin shan motarka: cika tanki, mayar da ma'aunin tafiya sifili, yi zirga-zirgarka, sake cikawa, ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Zuwa da dawowa kilomita 1,800 ne, ka ƙara 200 na yawon cikin gari, ya zama 2,000. Motar da ke yin kilomita 10 a lita za ta sha lita 200. Babba irin Sienna, da kaya da sanyi a kunne, in tana yin 8 a lita, lita 250 ke nan. Ka ƙara kashi goma cikin ɗari saboda cunkoso, sannan ka ninka da farashin ranar.

Masauki dare huɗu ne a hanya, biyu a Lokoja, biyu a Ibadan. In yara sun tasa, ɗaki biyu ne, ka ninka. Ka kira tun da mako guda, ka tambayi kuɗin ɗaki, ko akwai wurin ajiye mota a cikin katanga, da ƙarfe nawa ake kunna janareta, domin Lokoja gari ne mai zafi, yaro ba zai yi barci a ɗakin da fanka ba ta juyawa ba.

Sai abinci, tsarabar zuwa da ta dawowa, da abin da za ka ba masu masaukinka. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi. Mutum shida su sauka a gidan ɗan uwa a Legas kwana huɗu nauyi ne, ko da bai faɗa ba. Buhun hatsi daga gida ko kuɗin cefane a hannun matar gidan yana sa a yi marmarin dawowarku.

Bayan ka tara jimilla, ka ware kashi ɗaya cikin biyar a gefe, na gyaran mota ko asibiti ko ƙarin kwana. In lissafin bai bar maka wannan ba, ka ɗage tafiyar zuwa hutu na gaba. Na fi son in faɗa maka haka a nan da ka tsaya a Owo kana kiran mutane a turo maka.

Hattara: kada ka dogara da tura kuɗi ta waya kaɗai, sabis yana ɗaukewa a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ka riƙe tsabar kuɗin da za ta cika tanki sau ɗaya, da ƙananan canji, ka raba su gida biyu, wasu wurinka, wasu wurin uwargida.

## 6. Kaya da guzuri

Jaka biyu ake yi. Manyan akwatuna su shiga can cikin but, ba za a taɓa su ba sai Legas. Ƙaramar jaka ɗaya ta kwanan hanya, mai kayan sawa na kwana biyu na kowa da sabulu da buroshi, ita ce a bakin but. Wannan kaɗai yana rage rabin awa kowace safiya. Kada a danne safaya da jak ta yadda sai an sauke komai a bakin titi, kuma kada a tara kaya har su rufe gilashin baya.

Guzuri a yi wanda ba ya lalacewa da zafi: dambun nama, kilishi, soyayyar kaza, cincin, dabino, burodi, ayaba da lemo. Fura da nono da abinci mai miya ba sa jure yini a mota. Ruwan sha ya wadata, katan biyu aƙalla, da fulas ɗin ruwan zafi in akwai jariri. Buta, darduma, leda, tsumma, da fo na ƙananan yara, kada a manta da ko ɗaya. Fo ɗin nan yana hana tsayawa a wurin da bai kamata ba.

Magunguna: farasitamol na manya da na yara, ruwan gishiri da sukari na gudawa, filasta, da duk maganin da wani yake sha kullum, a ƙara masa na kwana uku. Mai juna biyu, da dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari, su ga likita kafin a sa rana. Gidan sauro ma ya shiga kaya.

Hattara: jarkar fetur ba ta shiga motar da yara suke ciki. Tururinsa kaɗai yana sa ciwon kai da amai, balle abin da ya fi haka. Dokar ita ce kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, ka sha mai a manyan gidajen mai na Gwagwalada, Lokoja, Akure da Ibadan, ka bar 'yan bumburutu.

Kafin a kulle gida, a kashe tukunyar gas, a cire kayan wuta, a sanar da maƙwabci. Mutum ɗaya amintacce ya san tsarin tafiyar, kana kiransa a kowane zango. Hotuna a Facebook da WhatsApp su jira sai an dawo.

## 7. Ranar farko: Kaduna zuwa Lokoja

A loda mota tun dare, direba ya kwanta da wuri. Bayan Asuba a karya, a yi addu'ar tafiya, a fita da zarar gari ya waye sosai, wajen ƙarfe shida da rabi. Kada a fita cikin duhu don a ci lokaci. Tsakanin Gonin Gora, Rijana, Kateri da Jere wuri ne da ake so a wuce da rana, a cikin sauran motoci, ba tare da tsayawa ba. A tabbata kowane yaro ya zaga kafin a bar gida.

Yaran da ba su kai shekara 12 ba a baya suke zama, kowa da bel, a kulle ƙofofin baya da makullin yara. Jariri ba a riƙe shi a cinya a kujerar gaba. Iyakar gudun motar gida kilomita 100 ne a awa a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Duk inda aikin hanya ya sa aka haɗe masu zuwa da masu dawowa a gefe guda, ka sauke gudu, ka haƙura da wuce mota har a rabu.

A Tafa za ka tarar da tireloli jere a bakin titi, mutane da babura suna fitowa ta tsakaninsu, ka tafi a hankali. Gaba kaɗan mahaɗar Dikko ce, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Janairun 2025, sama da mutum 80 suka rasu. In ka ga tanka a kwance ko tana yoyo a ko'ina, kada ka tsaya kallo, ka yi nisa da ita. A Madalla ka nuna wa yara Dutsen Zuma, su gwada shi da hoton da ke jikin naira 100. Daga Zuba ka miƙe Gwagwalada, babu abin da zai kai ka cikin Abuja.

Gwagwalada ce zangon farko: mai, bayan gida, miƙe ƙafa, minti ashirin. Daga nan Kwali, Abaji, Koton Karfe, sai gadar Murtala Mohammed a kan kogin Neja. Ka tsara yadda za ka riski sallar Juma'a a Abaji ko a Lokoja. A sauran kwanakin hanya matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, wanda yake rage yawan tsayawa. A mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari tana yanke hukuncin tafiya, ka tambayi malaminka yadda zaman Legas zai kasance tun kafin ka tashi.

Tafiyar kimanin kilomita 360 ce. In Allah ya kiyaye, kafin La'asar kuna masauki. Za ka ji ƙarfi a jikinka, zuciya ta ce ka ƙarasa Akure. Kada ka biye mata. Da yamma ka hau da yara Dutsen Patti su hango inda Neja da Binuwai suka haɗu, a ci kifi, a kwanta da wuri.

Hattara a shingen jami'an tsaro: rage gudu tun daga nesa, sauke gilashi, kashe rediyo, ajiye waya, kada wani ya ɗauki hoto. Ka yi gaisuwa, ka miƙa abin da aka tambaya, ka bar gardama ko da kana da gaskiya. Lambar gaggawa ta masu kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya 112. Ka sa su a wayarka da ta uwargida.

## 8. Rana ta biyu: Lokoja zuwa Ibadan

Wannan ce rana mafi nauyi, kilomita 400 da 'yan kai, kuma yawancinta hanya ce mai hannu ɗaya, da kwana-kwana da hawa da gangara. Kafin a tayar da mota ka duba baƙin mai, ruwan lagireto da tayoyi, ka leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. A fita da wayewar gari.

Yankin Lokoja zuwa Okene cike yake da manyan motocin siminti saboda masana'antar Obajana. Za ka daɗe a bayan tirela tana jan ciki a kan hawa, yara suna ƙorafi, motocin haya suna aron hannu suna wucewa. Ka bar su. Ba a wuce mota a kwana, ba a wucewa a kan tudu, ba a bin bayan wani a wuce tare don shi ya ga gaba. A gangara kuma kada ka zauna a gaban tirela, ka ba ta hanya, domin birkinsu yana tsinkewa. Sauri ya haifi nawa.

Ka tsaya duk bayan awa biyu, a cikin gari, a gidan mai mai jama'a. Okene, Owo ko Akure, sannan Ife. Tsakanin Okene da Owo akwai dazuka masu tsawo, a wuce su ba tsayawa. Abincin rana na direba ya zama kaɗan, domin sakwara ko tuwo da tsakar rana barci suke kawowa. Maganin mura ma haka, direba ya guje shi. In ka fara hamma a jere, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, goro da shayi ba za su yi maka komai ba. Ka shiga gidan mai ka runtsa minti ashirin. Idan uwargida ko babban ɗa yana da lasisi kuma ya saba da babbar hanya, a riƙa karɓa-karɓa, shi ya ɗauki sashen Ife zuwa Ibadan mai hannu biyu.

Yaron da mota ke sa wa amai ya zauna inda yake hango gaba, a hana shi kallon waya, a ɗan buɗe masa gilashi. Sauran a ba su aikin rubuta sunan kowace jiha da kowane babban gari da aka shiga, da lura da yadda ciyawa take komawa kurmi, itatuwan kaɗanya suna ba da wuri ga kwakwar manja da koko. Akwai tsaunukan Idanre kusa da Akure da magangarar ruwa ta Erin-Ijesha kafin Ilesha, wurare masu kyau, amma ranar nan ba ta da sararinsu.

Hattara: in mota ta yi zafi, ka sauka daga titi gaba ɗaya, ka kashe ta, ka sa alama a baya da nisa, ka fitar da kowa zuwa gefe. Kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce. Kuma ko na minti biyar ne, ba a barin yaro a cikin mota a rufe.

Za ka shiga Ibadan ta Iwo Road, wurin da cunkoso yake tsananta da yamma, shi ya sa ake so ka iso kafin ƙarfe biyar. Mai son abincin gida da masallaci kusa ya nemi masauki wajen Mokola, unguwar Sabo ta Hausawa tana nan.

## 9. Shiga Legas da rabon kwanaki

Ibadan zuwa Legas kilomita 127 ne a titi mai faɗi, kuma faɗin nan yana ruɗin direba ya taka. Ka riƙe 100. Ka lura da tireloli a Ogere, ka wuce mahaɗar Shagamu, Mowe, Ibafo, doguwar gada, kasuwar Kara, sai Berger, mashigar Legas. A gefen hanyar akwai manyan filayen taron addini, kuma Juma'ar farko ta kowane wata da manyan tarukan Agusta da Disamba suna iya tsayar da motoci awanni. Ka duba kalandarka da wannan, musamman ranar fitowa.

Ka roƙi mai masaukinka ya turo wanda zai tare ka a Berger ya shiga gaba. Lambar Kaduna a jikin mota tana nuna kai baƙo ne, dokokin hanya na Legas kuma ba a wasa da su: shiga layin da aka keɓe wa manyan bas-bas na BRT ko bin titi ta hannun da aka hana yana sa jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, su kama mota, kwana biyu na hutunka su tafi a neman sakinta. Shawarata ita ce ka ajiye motar a gida, ku riƙa hawa Bolt ko Uber, ko jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, wanda yake bi ta Agege, Ikeja, Oshodi da Yaba zuwa Oyingbo. Da katin Cowry ake biya. Kai ma jikinka ya huta da sitiyari.

Ziyara kuwa a tsara ta da unguwa, tun daga Kaduna. Yini ɗaya na Agege da kewaye, yini ɗaya na Idi-Araba da Mushin, yini ɗaya na yara, a kai su bakin teku da gandun Lekki mai gadar igiya a saman itatuwa, ko gidan tarihi na Onikan. A Legas gida biyu a unguwanni biyu masu nisa yini guda ne cur. Za a samu wanda zai ce ai ba ku zo gidana ba. Maganin wannan shi ne a sa rana ɗaya da yamma kowa ya zo gidan babban dangi a haɗu a can, a fara da gaida dattawa, sauran a ba su haƙuri. Duk matsin da za a yi maka na ka ƙara kwana, amsar ita ce Alhamis za mu tashi, in sha Allahu.

## 10. Dawowa

Ranar Laraba da yamma ka duba mota kamar yadda ka yi a gida: mai, ruwa, birki, iskar taya har da safaya. Ka kira wanda ya biyo hanyar a makon ka ji labarinta. Alhamis a bar Legas kafin ƙarfe uku, gabanin masu tashi daga aiki su cika Berger.

Tsaraba takan ninka kayan da aka zo da su. Mota in ta zauna a kan tayoyin baya, birki yana ƙara nisa, taya tana ƙara zafi. Abin da ya yi nauyi a kai tasha a aiko shi ta motar haya. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na wane ne, domin akwai shingayen kwastam da na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi a hanya, kuma duk abin da aka samu a motarka naka ne. Shinkafar waje da sabbin kayan lantarki marasa rasit suna jawo dogon bayani.

Dawowa ta fi zuwa haɗari saboda gajiya ta taru, ga ɗokin gida. A nan ne mutum yake isa Lokoja ƙarfe uku ya ce bari in ƙarasa Abuja, daga Abuja kuma ya ce ai Kaduna ta kusa, sai Magariba ta same shi a Kateri. Ka kwana Lokoja kamar yadda aka tsara, ka tashi da sassafe, ka sha mai a Gwagwalada, ka shiga Kaduna da rana tsaka. Ranar Lahadi a yi wanki, yara su nemo kayan makaranta, a lura da duk wanda ya fara zazzaɓi a kai shi gwajin maleriya. A cikin makon ka mayar da mota wurin makanike ya duba birki da ƙafafu, ya kuma daidaita tayoyi, domin ramukan kilomita 2,000 sukan karkatar da su.